Tsawo Kaɗai Ba Ya Ci: Yadda Ƙungiyoyin NBA Ke Auna Ɗan Tsakiya Kafin Su Ɗauke Shi

A ranar 19 ga watan Yunin 1984 ƙungiyoyin babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, suka hallara a birnin New York domin rabon sababbin 'yan wasa. Houston Rockets ce ke da zaɓin farko, ta ɗauki wani dogon saurayi haifaffen Legas, Hakeem Olajuwon. Portland Trail Blazers ta biyo baya, ita ma ta ɗauki wani dogon, Sam Bowie, mai tsawon mita 2.16. Sai a zaɓi na uku Chicago Bulls ta ɗauki Michael Jordan.

Fiye da shekara 40 ke nan, ba a cika jin mai zargin Houston ba, duk da cewa ita ma ta tsallake Jordan. Olajuwon ya ciwo mata kofi a 1994 da 1995, ya zama gwarzon gasar a 1994, kuma har yau babu wanda ya kamo shi a yawan kaɗe ƙwallon abokin hamayya, domin sau 3,830 ya yi hakan. Portland kuwa gori bai bar ta ba. Alhali lissafi iri ɗaya ƙungiyoyin biyu suka yi: idan ga dogo ga gajere, a fara ɗaukar dogon. Abin da ya raba su yana cikin ƙashi. Bowie ya riga ya yi kaka biyu cur bai buga wa Jami'ar Kentucky wasa ba saboda tsagewar ƙashin ƙaurinsa na hagu, kuma da ya shiga NBA karayar ƙafa ta yi ta bibiyarsa.

Wannan labari shi ne darasin farko ga duk mai aikin tantance matasan da ke buga matsayin ɗan tsakiya, wanda ake kira santa ko lamba biyar. A cikin matsayi biyar na ƙwallon kwando, babu wanda aunawarsa ta kai nasa sauƙi a ido, kuma babu wanda ya kai shi jefa ƙungiyoyi cikin asara.

Yadda rabon yake

Ba kamar ƙwallon ƙafa ba, inda mai kuɗi ke sayen yaron da ya ga dama, a NBA bi da bi ake ɗibar sababbin 'yan wasa. Ƙungiyoyi 30 ne, zagaye biyu ake yi a watan Yunin kowace shekara, a ƙa'ida mutum 60 ake ɗauka. Ƙungiyoyin da suka fi shan kashi su ake bai wa damar fara zaɓa, domin kada ƙarfi ya tattare a hannu ɗaya. Daga 1985 aka shigo da ƙuri'a tsakanin waɗanda ba su kai zagayen neman kofi ba, kuma a tsarin da aka soma aiki da shi a 2019, ukun da suka fi kowa faɗuwa kowace na da kashi 14 cikin 100 na damar samun zaɓin farko. A 1984 ma kwabo aka jefa tsakanin Houston da Portland, Houston ta ci. Dole ne wanda za a ɗauka ya cika shekara 19 a cikin shekarar da ake rabon.

Saboda haka ƙungiyar da ta sha wuyar kaka guda tana iya samun dama ɗaya tak ta gyara makomarta, kuma a kan yaro ɗan shekara 19 ko 20 za ta ɗora wannan dama. Kusan cinikin biri a sama ne, sai dai masu cinikin suna iya ƙoƙarinsu su leƙa bishiyar kafin su biya.

Abin da igiyar awo ke faɗa

Bakin kwando yana da tsawon mita 3.05 daga ƙasa. Aikin ɗan tsakiya na asali a gindin kwandon yake: ya hana a jefa ƙwallo daga kusa, ya cafe wadda ta bugi ƙarfe ta dawo, ya kuma zura ta a ɗaya gefen idan an miƙo masa. Shi ya sa awon jiki ke zuwa farko. A watan Mayu ake tara matasan a birnin Chicago, a auna tsawonsu ba takalmi, da nauyinsu, da faɗin tafin hannu, da tsalle, da gudu, likitoci kuma su duba su.

Masu aikin ba su cika damuwa da tsawon da ya ƙare a tsakar kai ba, tunda ba da kai ake tare ƙwallo ba. Awo biyu suka fi ɗauka da muhimmanci. Na farko shi ne faɗin hannuwa idan an ware su, daga yatsa zuwa yatsa, wato awon da Bahaushe ke kira gaba wajen auna igiya ko zurfin rijiya. A jikin yawancin mutane wannan awo kusan daidai yake da tsawonsu. Na biyu shi ne inda yatsun mutum ke kaiwa idan ya tsaya ya miƙa hannu sama. Rudy Gobert na Faransa tsawonsa mita 2.16 ne, amma faɗin hannuwansa ya kai mita 2.35, kuma idan ya miƙa hannu yatsunsa na kaiwa mita 2.92, wato santimita 13 kacal ya rage ya taɓa bakin kwando ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. Duk da haka sai a lamba ta 27 aka ɗauke shi a 2013, domin siriri ne a lokacin, kuma bai iya cin maki ba. Ya zo ya lashe kyautar gwarzon mai tsaron gida har sau huɗu.

Sai dai bayan shekara biyar an ga Mo Bamba, wanda faɗin hannuwansa ya kai mita 2.39, ya zarce na Gobert. Orlando Magic ta ɗauke shi a lamba ta shida a 2018, bai taɓa zama ginshiƙin ƙungiyar ba, daga bisani ya shiga yawo daga wannan ƙungiya zuwa waccan. A ɗaya ɓangaren kuma ga Ben Wallace, mai tsawon mita 2.06, wanda a 1996 aka gama rabo kaf babu ƙungiyar da ta kira sunansa. Shi ma sau huɗu ya lashe waccan kyauta ta tsaron gida, ya kuma ɗauki kofi da Detroit Pistons a 2004. Igiyar awo tana iya nuna wanda da wuya ya yi aikin, amma ba ta iya nuna wanda zai yi shi.

Ƙafa da gwiwa

Mai sayen doki ƙafafu yake fara dubawa, haka ma mai ɗaukar ɗan tsakiya. Jikin da ya haura mita 2.10, mai nauyin kilo 115 zuwa 140, zai yi ta gudu da tsalle da dirowa a kan katako cikin wasa 82 a kowace kaka, ban da wasannin neman kofi. Ƙananan ƙasusuwan tafin ƙafa da guringuntsin gwiwa su ke ɗaukar wannan kaya. Akwai wani ɗan ƙashi a tsakiyar ƙafa, gaba kaɗan da idon sawu, wanda jini bai cika wadatar tsakiyarsa ba, don haka idan ya tsage warkewarsa takan ɗauki lokaci. Shi ne ya addabi Yao Ming na ƙasar Sin, mai tsawon mita 2.29, wanda Houston ta ɗauka a zaɓin farko a 2002. Ya yi fice ƙwarai, amma a 2011 ya ajiye wasa yana ɗan shekara 30.

Abin da ya faru a 2007 ya fi wannan ciwo, kuma Portland ɗin dai ya sake faɗa wa. Greg Oden ya kai Jami'ar Jihar Ohio wasan ƙarshe na gasar jami'o'i, inda ya ci maki 25 a ranar, kuma akasarin masana na ganin shi ne ɗan tsakiyan da za a yi shekara 10 ana jin tsoronsa. Portland ta ɗauke shi a zaɓin farko, Seattle ta ɗauki Kevin Durant a na biyu. Kafin a soma kakar aka yi wa Oden tiyata a gwiwar dama, bai buga ko wasa ɗaya ba a shekarar. A duk zamansa a Portland wasa 82 ya buga, daidai adadin kaka guda, kuma jimillar wasanninsa a NBA ba ta wuce 105 ba. Durant kuwa ya zama gwarzon gasar a 2014, ya ɗauki kofi sau biyu. Adalci dai shi ne a faɗi cewa a 'yan wasannin da Oden ya samu yana da lafiya ya nuna masu yabonsa ba su yi kuskure a kan iyawarsa ba. Jikin ne ya ƙi.

Amma tsoron ciwo shi ma yana da nasa farashin. Ana saura 'yan kwanaki rabon 2014 aka gano irin wancan ɗan ƙashi ya tsage a ƙafar dama ta Joel Embiid, ɗan Kamaru, wanda ake ganin shi zai zo na farko. Cleveland da Milwaukee suka kauce masa, Philadelphia ta ɗauke shi a na uku. Kaka biyu ya yi bai taka fili ba, a ta uku wasa 31 kawai ya buga. A 2023 ya zama gwarzon gasar, kodayake ciwon gwiwa bai daina ɗauke shi daga fili a lokutan da aka fi bukatarsa ba. Wanda ya ce Philadelphia ta ci riba yana da hujja, wanda ya ce ribar ba ta cika ba shi ma yana da tasa. Shi ya sa rahoton likita ya zama takarda mafi tsada a wannan harka, har ta kai a baya wakilan wasu matasa kan hana wasu ƙungiyoyi ganinsa domin su karkatar da yaronsu zuwa inda suke so.

Wasan ya bar gindin kwando

Ko da jikin lafiya lau yake, tambayar da ake yi a yau ta bambanta da ta zamanin Olajuwon da Shaquille O'Neal. A wancan lokaci ana miƙa wa ƙato ƙwallo ya juya wa kwando baya, ya yi ta tura mai tsaronsa har ya isa. A 2001 NBA ta halatta tsaron yanki, wanda ya sauƙaƙa mutum biyu su taru a kan ƙaton tun kafin ƙwallo ta iso shi. Ta kuma haɗa da wata doka: mai tsaron gida ba zai wuce daƙiƙa uku a cikin fentin gindin kwando ba sai idan akwai wanda yake tsaro a kusa da shi. A 2004 aka tsaurara hana dafa ɗan wasa da hannu a wajen fenti, ƙananan 'yan wasa masu sauri suka samu sarari. Sai jifan maki uku, daga layin da ke nesa da kwando da mita 7.24, ya mamaye wasan. A farkon shekarun 2000 ƙungiya ba ta cika gwada shi sau 15 a wasa ɗaya ba, yanzu kuwa ana haura 35.

Dabarar da aka fi kai hari da ita a yau ita ce ta shinge. Wani ɗan wasa zai zo ya tsaya kamar katanga a hanyar wanda ke tsaron mai riƙe da ƙwallo, mai ƙwallon ya zagaya ta jikinsa ya kuɓuce. A wannan daƙiƙa nauyi ya koma kan ɗan tsakiyan masu tsaro. Idan ya ja da baya ya tsare kwando, mai ƙwallon zai tsaya ya jefa daga nesa babu mai damunsa. Idan ya fito ya tare shi, dole ya iya tafiya da gefe da sauri irin na mutumin da ya fi shi gajarta da santimita 25, in ba haka ba a wuce shi kamar turke. Ƙungiyoyi kan maimaita wannan dabara sau da dama a kowane wasa, kuma da zarar sun gane ɗan tsakiyan abokan hamayya yana da nauyin ƙafa, to shi za su yi ta nema har kocinsa ya fitar da shi.

Don haka mai tantancewa ba ya tsayawa ƙirga yawan ƙwallon da yaro ya kaɗe. Kwatangwalonsa yake kallo: yana iya durƙusawa ya yi tafiyar gefe? Idan an wuce shi yana iya juyawa ya kamo? Idan ya yi tsalle ya diro, yana iya sake tashi nan take? Yana kuma kallon ko kowace yaudara tana ɗaga shi sama, domin laifi shida ke fitar da mutum daga wasa.

A nan ne gasar jami'o'i ke yaudarar ido, domin babu dokar daƙiƙa uku ta masu tsaro a cikinta, haka ma a gasannin Turai. Dogon yaro na iya kafewa a gindin kwando ya yi ta kaɗe duk abin da ya zo. Hasheem Thabeet na Tanzaniya, mai tsawon mita 2.21, yana kaɗe ƙwallo fiye da huɗu a kowane wasa a Jami'ar Connecticut. Memphis Grizzlies ta ɗauke shi a lamba ta biyu a 2009, gaban James Harden da ya zo na uku da Stephen Curry da ya zo na bakwai. Tun kakar farko ba ta ƙare ba aka tura shi ƙaramar gasa ya ƙara koyo, kuma ya bar NBA da matsakaicin maki biyu da ɗoriya a wasa. Jahlil Okafor kuwa gwani ne na tsohon salo, ya ɗauki kofin jami'o'i da Duke a 2015, Philadelphia ta ɗauke shi a na uku, ya riƙa cin maki 17.5 a wasa a kakarsa ta farko. Amma abin da ake ci ta wajensa ya fi abin da yake ciyowa, kuma kafin ƙarshen 2017 an sallame shi zuwa Brooklyn. Ƙungiyoyi sun ɗauki darasi, har ma wasu na ganin sun wuce gona da iri: Luka Garza ya zama gwarzon jami'o'in Amurka a 2021, amma sai a lamba ta 52 aka kira shi.

Hatta Gobert bai tsira ba. A 2021 ƙungiyarsa ta Utah Jazz ce ta fi kowa cin wasanni a kakar, amma a zagaye na biyu na neman kofi Los Angeles Clippers ta zuba 'yan wasa biyar masu jifa daga nesa, ta tilasta masa barin gindin kwando, ta fitar da Utah a wasa na shida.

Hannu da kai

Abin da ya fi wuyar aunawa shi ya fi yawan fitar da gwani. A rabon 2014, wanda aka ɗauki Embiid, Denver Nuggets ta kira sunan wani ɗan ƙasar Sabiya a lamba ta 41. Tashar talabijin da ke nuna taron tana cikin tallan abinci a lokacin, sunansa a rubuce kawai ya gifta ta ƙasan allo. Nikola Jokić yana da ƙiba a lokacin, ba ya tsalle, ba ya gudu, duk abin da igiya da agogo ke aunawa ya faɗi a kai. Abin da yake da shi hannu ne mai laushi da ke cafe kowace irin ƙwallo, da kai mai ganin inda abokin wasa zai kasance tun kafin ya isa wurin. Ya zama gwarzon gasar a 2021 da 2022 da 2024, ya kawo wa Denver kofinta na farko a 2023. A kakar 2024 zuwa 2025 matsakaicinsa ya haura 10 a maki da cafe ƙwallo da miƙa ƙwallon da aka ci, abin da wani ɗan tsakiya bai taɓa yi ba a kaka guda.

Ƙungiyoyi sun tsallake shi sau 40, har da Denver ɗin kanta a zagayen farko. Tun daga nan masu tantancewa suka ƙara zuba ido kan abubuwan da ba sa fitowa a takardar sakamako: idan mutum biyu sun rufe yaro, rikicewa yake yi ko yana gano wanda aka bari a sake? Idan ya karɓi ƙwallo a tsakiyar fili yana cikin gudu, yana iya yanke shawara nan take? A wajen tsaro yana magana, yana shirya abokansa? Domin shi ke tsaye a bayan kowa, shi ke ganin fili gaba ɗaya, kamar mai tsaron raga a ƙwallon ƙafa.

Marc Gasol na Sifaniya misali ne na irin wannan kai. A 2007, shekarar Oden, a lamba ta 48 aka ɗauke shi, ana kallonsa a matsayin ƙanen Pau Gasol mai ƙiba. A 2013 shi ne gwarzon mai tsaron gida, ba don tsalle ba, sai don yakan riga maharin isa wurin da ya nufa. A watan Fabrairun 2019 Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya kuma fara aiki a NBA a matsayin mai farautar 'yan wasa ga Orlando ba tare da albashi ba, yana shugabancin Toronto Raptors. Ya ba da Jonas Valančiūnas, wanda aka ɗauka a lamba ta biyar a 2011, tare da wasu, ya karɓo Gasol yana ɗan shekara 34. Gasol ne ya tsare Embiid a zagaye na biyu, kuma a watan Yunin shekarar Toronto ta ɗauki kofinta na farko.

Game da jifa daga nesa, akwai wata alama da masu aikin suka daɗe da amincewa da ita, wato jifan kyauta da ake ba wanda aka yi wa laifi. Babu mai tare shi, nisan kuma ba ya canjawa, don haka yana nuna laushin hannu tsantsa. Karl-Anthony Towns bai cika gwada jifan maki uku ba a Kentucky, amma yana cin sama da kashi 80 cikin 100 na jifan kyauta, kuma a 2022 ya lashe gasar jifan maki uku ta NBA. Brook Lopez ya yi kaka takwas ya ci jifan maki uku sau uku kacal, a ta tara ya ci 134. Wanda kuwa rabin jifansa na kyauta ke zubewa, abokan hamayya kan yi masa laifi da gangan a ƙarshen wasa, kamar yadda aka riƙa yi wa O'Neal.

Waɗanda suka fara a makare

Akwai wata magana da ake yawan yi a kan dogayen matasan Afirka: bai daɗe da fara wasan ba, don haka abin da zai zama ya fi abin da ake gani. Wani lokaci gaskiya ce. Olajuwon ya kai kimanin shekara 15 kafin ya taɓa ƙwallon kwando, a da gola ne a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu, kuma daga can ya samo sarrafa ƙafar da ta gagari kowa. Embiid ma a irin waɗannan shekaru ya fara, bayan ƙwallon raga da ta ƙafa, har Luc Mbah a Moute ya gano shi a wani sansanin horaswa a Kamaru.

Da irin wannan magana Clippers ta ɗauki Michael Olowokandi a zaɓin farko a 1998. Shi ma haifaffen Legas ne, a Landan ya tashi, shi ma a makare ya fara. Vince Carter ya zo na biyar a shekarar, Dirk Nowitzki na tara, Paul Pierce na 10. Olowokandi ya buga wasa 500 da matsakaicin maki takwas da ɗoriya, wanda ba abin kunya ba ne ga ɗan wasa, amma asara ce ga zaɓin farko. Da an duba da kyau, bambancinsa da Olajuwon a fili yake. Olajuwon yana ɗan shekara 21 aka ɗauke shi, bayan ya kai Jami'ar Houston zagayen huɗun ƙarshe na gasar ƙasa sau uku a jere, ya kuma gwabza da Patrick Ewing a wasan ƙarshe na 1984. Olowokandi kuwa shekararsa 23, kuma a Jami'ar Pacific ya yi fice, cikin rukunin da ba a cika samun dogayen da za su gwada shi ba. Fara wasa a makare ba ya zama jari sai an ga saurin koyo, an kuma ga yaron ya yi abin a gaban tsararsa na gaske.

Akwai kuma abin da masu aikin kan faɗa a tsakaninsu, cewa gajeren da ya kai wannan mataki son wasan ne ya kai shi, dogo kuwa sau da yawa tsawonsa ne ya sa aka jawo shi. Shi ya sa ake zama da yaron a yi hira, a tuntuɓi tsofaffin masu horas da shi, a ji ko yakan zo atisaye ba sai an aika a kira shi ba.

Lissafin kuɗi da lokaci

Wanda aka ɗauka a zagayen farko yana samun kwantiragin shekara huɗu, biyun farko tabbatattu, kuma albashin yana bin lambar da aka ɗauke shi. Victor Wembanyama na Faransa, zaɓin farko na 2023, ya karɓi kimanin dala miliyan 12 a shekararsa ta farko a San Antonio Spurs. Matsalar ita ce dogaye sukan yi jinkirin nuna. Ƙungiya na iya shafe shekara uku tana renon yaro, lokacin da zai fara amfani kuma kwantiragin ya zo ƙarshe, sai ta biya shi kuɗi mai yawa a kan fata ko ta bar wata ta ci moriyar wahalarta. Golden State Warriors ta ɗauki James Wiseman a lamba ta biyu a 2020 bayan wasa uku kacal da ya buga a jami'a. Wasa 60 ya buga mata kafin ta sallame shi a 2023.

Daga nan wasu ƙungiyoyi suka kafa wa kansu ƙa'ida: ɗan tsakiyan da aikinsa bai wuce tsare kwando da zura ƙwallo daga kusa ba ana samunsa da araha a ƙarshen rabo ko a kasuwa, don haka ba a kashe babban zaɓi sai a kan wanda ya haɗa abubuwa da yawa. Phoenix Suns ba ta bi wannan ba a 2018, ta ɗauki Deandre Ayton a na farko ta bar Luka Dončić ya zo na uku. Wembanyama kuwa babu wanda ya yi gardama a kansa, domin yana da tsawon kimanin mita 2.24, yana jifa daga nesa, yana tafiya da ƙwallo, kuma a kakarsa ta farko ya fi kowa kaɗe ƙwallo a gasar. Shi ma a watan Fabrairun 2025 daskarewar jini a kafaɗarsa ta dama ta katse masa kaka.

Rabon 2025 ya kawo wani da ya tattara kusan duk waɗannan tambayoyi. Khaman Maluach haifaffen Sudan ta Kudu ne, a Yuganda ya tashi, ya samu horo a makarantar NBA da ke garin Saly a Senegal, ya buga wa ƙasarsa gasar cin kofin duniya ta 2023 yana ɗan shekara 16, sannan ya yi kaka ɗaya a Duke. Idan ya miƙa hannu yatsunsa na kaiwa kusan mita 2.90, kuma yana cin fiye da kashi 75 cikin 100 na jifan kyauta, abin da ke sa a yi zaton zai iya jifa daga nesa nan gaba. Amma a wasan kusa da na ƙarshe na gasar jami'o'i, da Jami'ar Houston ta fitar da Duke, ya yi minti 21 a fili bai cafe ƙwallo ko ɗaya da ta dawo daga kwando ba. Ƙungiyoyi tara suka duba ɓangarorin biyu suka wuce. A lamba ta 10 aka kira sunansa, ya tafi Phoenix, da zaɓin da ta karɓa daga Houston Rockets a cinikin da ta ba da Kevin Durant.